Neman taswira mai kyau, Kano zuwa Damagaram a keke

Sadiqu Kurna:
Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah shawara nake nema. Ni da wani abokina mun ɗaura niyyar zuwa Damagaram a kan keke in Allah ya kai mu Disamba, dangin kakata suna can kuma tun ina yaro nake jin labarin yadda kakanmu yake zuwa a kan tsohuwar Raleigh ɗinsa da buhu a kariya, to ni ma abin ya tsaya min a rai. Kekuna mun shirya su, mun je Wudil mun dawo har sau uku dan gwajin ƙafa. Inda muka maƙale shi ne taswira. Ta wayata hanyar mota kawai take ba ni, mu kuma ba ma so mu bi babban titi tun daga Kano har can saboda manyan motoci, muna so mu riƙa ratsawa ta ƙauyuka inda zai yiwu. To a ina ake samun taswirar da za ta nuna ƙananan hanyoyi, da inda yashi yake, da inda za a samu ruwa da wurin kwana? Ko ta takarda ce ko ta waya duk ina so. Na gode.

Nura Direba:
Wa alaikumus salam. Kai Sadiqu, Damagaram ɗin ce sai da taswira? Hanya ce ɗaya miƙaƙƙiya, Dambatta, Kazaure, Daura, Kwangwalam, ka tsallaka. Makaho ma zai je. Ni shekara nawa ina bin ta ban taɓa buɗe wata taswira ba.

Sadiqu Kurna:
Yaya Nura ai kai a mota kake, in ka wuce gari minti goma ka isa na gaba. Ni in ruwa ya ƙare min a tsakani awa guda ce ko fiye a rana.

Abba Dorayi:
Wslm. Mutumina bari in baka a takaice dan abin nan na dan taba shi. Google Maps yana da hanyar babur a Najeriya tun 2019, itace tafi kusa da abinda kake so dan tana dan shiga lunguna, amma fa in ka sauke taswirar dan amfani ba data to jagoran mota kawai zai baka, wannan haka tsarin yake. Abinda zance ka sauke shine Organic Maps ko OsmAnd, dukansu daga OpenStreetMap suke diban bayani, wato taswirar da jama'a suke zanawa da kansu tun 2004 kowa yasa hanyar da ya sani. Su suna da jagoran keke kuma suna aiki ba data ba sabis. Organic Maps kyauta ne gaba daya kuma baya da nauyi, OsmAnd yafi tarkace amma yana da wuyar sabo kuma na kyautar sau 7 zai barka ka sauke taswira sai yace ka biya, to kar kaje kana sauke Saudiyya da Ingila dan nishadi, ka sauke inda Kano da Jigawa da Katsina suke sai Nijar shikenan

Nura Direba:
Ba sabis kuma ta yaya zai san inda kake? Ku yaran nan.

Abba Dorayi:
Oga Nura GPS ba ruwansa da MTN ko Airtel, daga tauraron dan adam wayar take karba kai tsaye. Ko ka cire layin gaba daya digon nan shudi zai nuna inda kake muddin taswirar tana cikin wayar tun daga gida. Hasalima gara ya kashe sabis din dan neman sabis a daji shine yake shanye caji

Baba Safiyo:
Salamu alaikum. Na ga tambayar yaron nan tun ɗazu, sai yanzu na samu zama. Sadiqu, ni aikin safiyo na yi har na ajiye, saboda haka bari in yi maka bayanin ta takarda kafin ka je ka ɓata kuɗinka.

Abin da za ka fara dubawa a kowace taswira shi ne ma'auninta. Akwai shahararriyar nan ta Michelin mai lamba 741, ta Afirka ta Arewa da ta Yamma, wadda Turawa masu keta Sahara suke yawo da ita. Ma'auninta 1:4,000,000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita 40 ne a ƙasa. Kano zuwa Damagaram gaba ɗaya bai kai tsawon ɗan yatsanka ba a jikinta. Tana da kyau a rataye a bango, amma mai keke ba abin da za ta tsinana masa, tafiyar wuninka guda faɗin farce biyu ce.

A ɗaya gefen kuma akwai namu na gwamnatin tarayya masu ma'aunin 1:50,000, santimita ɗaya mita 500. Waɗannan su ne taswira ta gaske, za ka ga rafi, ka ga dutse, ka ga turbar ƙafa, har layukan da suke nuna tudu da gangare. Amma aibinsu biyu. Na ɗaya, kowane falle bai wuce kilomita 27 zuwa 28 a kowane gefe ba, ka ga kafin ka kai iyaka kaɗai sai ka ɗauki falle biyar ko shida. Na biyu, yawancinsu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su. Ba za ka ga dam ɗin Tiga ba wanda aka gama a 1974, balle titunan da aka yi jiya. Jihar Katsina sai 1987 aka yi ta, Jigawa 1991, to ka ga takardar ta girme su duka. Na ɓangaren Nijar Faransawa ne suka zana, masu 1:200,000, santimita ɗaya kilomita 2, kuma a ganina wannan ma'aunin shi ne daidai da mai keke, sai dai su ma tsofaffi ne.

Malama Rabi:
Baba Allah ya ƙara lafiya, wannan darasin da nake fama da 'yan aji na kullum kenan, ma'auni. Sai dai ni ba zan ce tsohuwar taswira ba ta da amfani ba. Titi yana canzawa, gari yana faɗaɗa, amma dutse da kwari da fadama suna nan inda suke. Duwatsun Kazaure ba su matsa ba tun da aka zana su.

Baba Safiyo:
Gaskiyarki Malama, shi ya sa ban ce ya watsar ba. Cewa na yi kar ya dogara da ita wajen hanya. Kuma wani abu, in ya ɗauki lambobin wuri daga tsohuwar takarda ya zuba a waya zai ga sun ɗan goce, domin namu a kan tsarin lissafin wuri na Minna aka yi su, waya kuma da na duniya mai suna WGS84 take aiki. Gociyar ba ta da yawa, abin da bai wuce tsawon filin ƙwallo ba, ga mai keke ba komai ba ne, ga mai rikicin gona kuwa sai a kai ga kotu.

Kabiru Gwammaja:
Hmm. Ni dai duk wanda ya ce min waya ta nuna masa yanke sai gabana ya faɗi. Bari in ba ku nawa, ku yi haƙuri zai yi tsawo.

Shekara biyu da suka wuce na tashi daga nan zan je wajen abokina a ƙasar Gumel, ni kaɗai, keke mai giya sabo fil ina ji da kaina. Na kwana a hanya, washegari wajen ƙarfe goma manhajar da ke wayata, ba zan kama suna ba dan laifin nawa ne, ta nuna min wani siririn layi da zai rage min kusan kilomita goma sha biyu in na sauka daga kwalta. Na tsaya a bakin mararrabar, akwai wata mai ƙosai da yara biyu, har yarinyar ta ce min Malam ina za ka, na ce ciki zan bi, ta kalli tayata ta kalli uwarta ba su ce komai ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Farko jan burji ne mai daɗi har ina waƙa. Bayan kamar kilomita uku sai burjin ya ƙare kamar an yanka da wuƙa, sai rairayi fari sol, tayar gaba ta nutse, na sa giya mafi sauƙi ina ta juya feda a wuri ɗaya kamar mai markaɗe. Na sauka na fara turawa. Wallahi tura keke mai kaya a yashi ya fi ɗaukar buhun siminti wuya, dan kana turawa yana turjewa yana karkacewa. Na ce bari in bi gefen gona inda ƙasa ta ɗan yi tauri, ashe nan ƙarangiya take jira na, safa da ƙafar wando duk suka cika, sannan tsidau ya huda min tayar baya wuri biyu. Ruwana gora ɗaya da rabi, kafin azahar saura kurɓi. Kuma duk wannan abin wayar tana nuna min ina kan hanya daidai, layi shuɗi lafiya lau, har tana ce min saura minti ashirin.

Wani dattijo mai amalanken shanu ne ya tsince ni a gindin wata aduwa. Bai yi min dariya ba, Allah ya saka masa, ya dai ce ɗan nan wa ya turo ka ta nan da keke, nan ai ko babur sai gwani. Muka ɗora keken a kan amalanke ni ma na hau, muna tafe yana nuna min da sandarsa, ka ga waccan kukar, da ta bayanta ka bi ƙasar jar laka ce har cikin gari. Tazarar da ke tsakanin hanyar da na bi da wadda yake nunawa ba ta fi jifa biyu ba. A waya kuwa waccan ɗin ba ta ma fito ba sam.

Gwani Mai Faci:
Hahaha Kabiru ai na tuna, kai ne ka kawo min tayar nan kamar rariya. Faci bakwai na ƙirga.

Kabiru Gwammaja:
Shida ne Gwani, kar ka ƙara min.

Abba Dorayi:
To amma Yaya Kabiru tsakani da Allah wannan ba matsalar waya bace, matsalar rashin duba irin kasar ce. A OsmAnd in ka hada hanya akwai wajen da zai fasa maka ita, kaza kwalta kaza burji kaza yashi. Matsalar kawai a yankinmu yawancin kananan hanyoyin ba wanda ya rubuta musu komai sai kaga ya nuna ba'a sani ba, to duk inda kaga haka ka dauka yashi ne har sai ka samu wanda ya karyata

Kabiru Gwammaja:
Ka ga ka dawo kan maganata kenan. In sai na samu wanda zai ƙaryata, ai mutum nake nema ba waya ba.

Malama Rabi:
Ku tsaya, akwai hanyar da za a rage wannan tun daga gida, kuma ban ga wanda ya faɗe ta ba. Sadiqu ka samu kwamfuta ko waya mai faɗi, ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam, ka bi hanyar da kake so taku-taku kana zuƙowa. Kwalta baƙa ce ko toka-toka. Burji ja ne kuma faɗinsa ɗaya, gefensa a miƙe. Yashi kuwa fari ne, kuma babbar alamarsa ita ce za ka ga hanyar ta rarrabu kamar kitso ya warware, uku huɗu suna tafiya tare suna haɗuwa suna rabuwa, saboda kowane mai amalanke yana kauce wa inda na gabansa ya nutse. Da ka ga haka ka san turawa za ka yi. Inda kuma ka ga ƙasa ta yi duhu da lambuna a jere, fadama ce, akwai ruwa kusa, a Disamba za ta biyu amma da damina kar ka soma. Ka kuma duba ranar da aka ɗauki hoton, Google Earth yana nunawa a ƙasa, dan wani hoton ya shekara biyar.

Sadiqu Kurna:
Malama wallahi wannan na kitson ban taɓa lura ba, yanzu na buɗe na duba arewacin Kazaure na gan shi ƙuru-ƙuru. Allah ya ƙara ilimi.

Baba Safiyo:
Abin da muke yi kenan da hoton jirgi da gilashi mai ido biyu, yanzu ga shi a aljihun kowa. Wani abin da mutane ba su sani ba, sunayen ƙauyukan jihar nan da yawa sun shiga taswirar zamani ne ta dalilin allurar shan inna. Daga wajen 2012 aka riƙa zana rugage da ƙauyuka daga hoton sama ana ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, domin kar a tsallake gida. Shi ya sa za ka ga ɗan ƙauye mai gida ashirin da sunansa, amma hanyar zuwa wurin ba wanda ya ce ga irinta, domin su yara suke nema ba hanyar keke ba.

Alhaji Ilu Kwari:
Salamu alaikum, an ce ana maganar garinmu shi ya sa na leƙo. Sadiqu sannu da niyya, Allah shi kai ku lafiya. Ni haihuwar Damagaram ne, kasuwa ta riƙe ni a Kano. Abu na farko, in ka rubuta Damagaram wata taswirar ba za ta kai ka cikin gari ba, sai ka rubuta Zinder. Kuma ka yi hankali akwai wani gari daban da ake ce ma Damagaram Takaya, yana gabas, kar ka danna shi ka ce ka samu. Sunayenmu duka da rubutun Faransanci suke, inda ka ga ou to u ne, inda ka ga tch to c ne. Kance za ka gan ta Kantché, Matamai za ka gan ta Matameye, Magarya kuma Magaria, Mirya ta koma Mirriah.

Hanya biyu ce gare ku. Ta Daura, ku tsallaka a Kwangwalam ku faɗa Ɗan Barto, sai Matamai, sai Kance, sai Takeita inda za ku haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ku yi gabas zuwa gari. Ko kuma ku rabu da hanyar Dambatta a Kunya ku bi Ɓaɓura, Babban Mutum, ku shiga ta Tinkim, sai Magarya, Bande, Dogo, sai Damagaram. Ko wacce kuka bi ku sa a ranku kilomita 240 zuwa 260. A wajenmu bakin hanya akwai duwatsun kilomita da aka shafa ma fenti, an rubuta sunan gari na gaba da abin da ya rage, to inda ba su goge ba sun ishe ku lissafi. Shawarata, ratse-ratsen ƙauye ku yi shi a wannan gefen, in kun tsallaka ku riƙe kwalta, yashinmu ba irin naku ba ne.

Nura Direba:
Alhaji ya gama magana. Abin da na faɗa tun farko kenan aka ce ni ɗan mota ne.

Malama Rabi:
A'a Malam Nura, kai cewa ka yi makaho ma zai je.

Alhaji Ilu Kwari:
Sai maganar iyaka, wadda ba taswirar da za ta gaya muku. Kun san an rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024, kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairu 2025. Saboda haka abin da wani ya shiga da shi bara ba lalle shi ne na bana ba. Ana saura mako guda ku tashi ku je tasha ku tambayi direbobin da suka dawo a ranar, ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ku bi ta ƙofa a buga muku hatimi. Waya za ta nuna muku turbobi goma da suke tsallaka iyaka ta cikin gonaki, duka na gaske ne, mutanen wurin suna bi kullum, amma ku baƙi ne da jakunkuna, kar ku bi. Ku canji sefa tun daga nan, kuma ku tuna mu da dala muke ƙirge, in mai shayi ya ce dala ashirin to sefa 100 yake nufi.

Gwani Mai Faci:
Ni ban san taswira ba amma na san abin da ke dawo da mutane a motar ɗaukar kaya. Siririyar taya. In ƙauye za ku ratsa ku sa mai faɗi, ku ɗauki tub biyu-biyu, gam da faci da famfo, da ɗan abin cire sarƙa. Kuma keken da kowane mai gyara a ƙauye ya san kansa ya fi wanda sai an yi odar kayansa daga Legas. A takardarku ku rubuta garuruwan da ke da mai faci, kusan duk inda kasuwa take ci akwai.

Kabiru Gwammaja:
Yauwa Gwani ka tuna min, ranar kasuwa. Dambatta Lahadi take ci, Mai'adua ma Lahadi, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a. Ranar kasuwa abinci da ruwa da mai gyara duk a wadace, amma titin shiga garin tun safe motocin shanu da 'yan babur ne kamar an kore su, da yamma kuma kowa yana sauri ya koma gida. Ni na fi so in iso garin ana gobe kasuwa in kwana, in yi sayayya da safe in fice.

Sannan tun bayan abin da ya same ni na koyi yadda ake tambayar hanya, dan ita ma sai an iya. Kar ka tambayi mai mota. Kar ka ce akwai nisa, dan amsar ɗaya ce, nan ne kusa, ko da kuwa sai ka yi sallah biyu a hanya. Ka nemi mai keke irinka, ko mai kai madara, ko ɗan acaɓan garin, ka ce masa keke da kaya yana bi ba a sauka? In na tashi yanzu a ina la'asar za ta same ni? Rijiya ko famfo nawa ne a tsakani? Sannan ka sa ya lissafo maka ƙauyukan a jere ka rubuta, dan in ka ce Sabon Gari ko Tudun Wada ko Unguwar Rimi kawai, akwai guda nawa a kowace ƙaramar hukuma. In ka isa gari na gaba ka sake tambayar wani, in bakinsu ya zo ɗaya ka bi.

Abba Dorayi:
Wannan gaskiya ne na sunaye, Dambatta ma wani wajen da m wani wajen da n, Kwangwalam kuma zaka ganta Kongolam. In bincike yaki fitowa kar kace babu garin, ka zuko da hannu ka nemo shi ka dasa masa alama. Kuma Sadiqu ka kunna daukar sawu tun daga kofar gida, zai ajiye maka duk inda kuka taka a fayil din GPX, in kun dawo ka turo min da bayanin inda yashi yake da inda famfo yake ni zan zauna in shigar a OpenStreetMap, wanda zai bi bayanku ya huta. Hanyar bayan kukar nan ta Yaya Kabiru da ya dauko sawunta da yanzu tana ciki

Kabiru Gwammaja:
A kan amalanke nake Abba, raina a hannun Allah, wa yake ta wani sawu.

Hajiya Umma Fagge:
Ni tun ɗazu karatu nake ina jinku. Sadiqu, mahaifiyarka ta san da wannan tafiyar? Ba wasa nake ba. Taswira ba ta nuna inda ɓarayin daji suke. Kar wata waya ta ja ku yamma wajen Jibiya ko Batsari da sunan hanya mai kyau. Kuma kar magariba ta same ku a daji ko sau ɗaya.

Sadiqu Kurna:
Hajiya ta sani, da ƙyar dai ta yarda, sharaɗinta kullum in kira ta sau biyu. Yamma kuwa ba za mu nufa ba in sha Allah, daga Daura arewa za mu yi.

Baba Safiyo:
Hajiya ta taɓo abin da nake son ƙarawa. Ka san yadda zamani ya zama, baƙo ya tsaya a bakin gari ya baje babbar takarda yana zane yana ɗaukar hoto, nan da nan za a fara tambayar wane ne. Mu da muke da takardar aiki ma an sha tsare mu. Ka karɓi wasiƙa daga mai unguwarku da hatiminsa, in za ku kwana a gari ku fara zuwa gaida dagaci ko mai gari, shi zai ce ga inda za ku sauka. A shingen jami'ai kuma waya ta koma aljihu, ba hoto.

Malama Rabi:
Saura iska, ita ma ba ta cikin taswira amma taswirar ce za ta gaya maka yadda za ku yi da ita. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ku kuma kusan can kuka dosa, ka ga a tafiya a fuska za ku sha ta, a dawowa ita za ta riƙa tura ku. Saboda haka kar ku raba kwanakin daidai. In kun sa kwana huɗu zuwa, uku za su ishe ku dawowa. Kuma ta fi kwanciya da sassafe, ku fita bayan asuba da rigar sanyi da takunkumi saboda ƙura, kafin hantsi ya yi kun ci rabin tafiyar ranar.

Nura Direba:
Wannan kam gaskiya ne, ko a mota ana jin ta, man da nake sha zuwa ya fi na dawowa. Kuma tunda an nace sai an ratsa ƙauye, ku sani aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka fara a 2021 ta Dambatta da Kazaure da Daura ya bi, an yi ciko an tada ƙasa a wurare, wata turbar da kuka gani a hoto za ku tarar ta koma zagaye. Ku tambaya kafin ku sauka daga titi.

Sadiqu Kurna:
To jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Ga abin da na tsayar. Na sauke Organic Maps da OsmAnd duka, ni ɗaya abokina ɗaya, dan in waya ɗaya ta mutu. Daren yau da na gobe zan bi hoton sama irin yadda Malama ta ce daga Kunya har iyaka ta hanyoyin biyu in ga wacce ta fi ƙarancin kitso. Sannan zan buga shafukan a takarda in sa a leda, kowace rana shafinta, a bayanta in rubuta jerin garuruwa da ranar kasuwa. Abin da ban warware ba shi ne caji, fawa bank ɗina ɗaya ne kuma ya fara kumbura.

Abba Dorayi:
Kumbura?? jefar dashi tun kafin ya kama maka da wuta a jaka cikin rana. Ka samu sabo, kuma duk garin da zaku tsaya akwai mai cajin waya da janareta ko sola, kuna cin abinci yana shiga. Kar ka bar allon a kunne a kan keke, ka duba a mararraba ka kashe

Baba Safiyo:
Sadiqu, ina da tsofaffin falle na wajen Kazaure da Daura a cikin akwati, asu ya ɗan taɓa gefe amma ana karantawa. Ba zan ba ka su ka tafi da su ba, ka zo ka ɗauki hotonsu. Ka zo da fensir da zare, in nuna maka yadda ake auna hanya mai lanƙwasa.

Sadiqu Kurna:
Allah ya ƙara girma Baba, Asabar bayan la'asar ta yi?

Baba Safiyo:
Ta yi. Ka kira ni ta akwatin sirri in kwatanta maka gidan, kar ka nema a waya, layinmu ba shi da suna a ciki.

Gwani Mai Faci:
In ka taso ka biyo da kekunan ta wajena in duba birki da bakin taya. Kabiru kai ma ka zo, har yanzu kuɗin faci na bakwai yana wajenka.